Lambun tsakar gida a bakin masana'antu: da wane ruwa, a wace ƙasa?

A shekarar 2024, wadda a cikinta alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabace ta, uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta sa gasar yin lambu a kowane gida. Dattawan da suka ga shekarar 1976 ba su ji wani sabon abu ba. A waccan shekarar ce gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa da aka fi sani da OFN, aka ce kowa ya nome bayan gidansa, makarantu da barikoki su yi gona. Shawara ce da kan dawo duk lokacin da ɗora tukunya ya yi wuya, kuma duk dawowarta sai ta raba kan jama'a.

Wasu su ce ai gaskiya ce, ganyen da ka tsinka a gidanka ya fi na kasuwa lafiya, duƙawar da za ka yi a kan shuka ma magani ce. Wasu su ce wannan zancen masu fili da rijiyar burtsatse ne, a je a faɗa wa mai ɗaki ɗaya a gidan haya a Gama a ji abin da zai ce. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Amma ga mazauna Dakata, Kawaji, Tudun Murtala, Gama da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Nassarawa da suka zagaye Bompai, da takwarorinsu na gefen Sharaɗa da Challawa, akwai tambayar da ta riga wannan gardama: da wane ruwa za a shuka, kuma a wace ƙasa?

Kano tana zubar da ruwanta ta fuska biyu. Ta arewa akwai Jakara, mai kwashe kwatamin cikin birni da na Fagge da Sabon Gari, har da na mayanka. Getsi kuma tana ɗauko ruwan Bompai, wadda ita ce tsohuwar unguwar masana'antu, ta haɗe da Jakara su nufi madatsar Wasai da ke Minjibir. Ta kudu, ruwan Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa, kogin da yake kuma karɓar na masana'antun Challawa kafin ya gamu da kogin Kano a wajen Tamburawa. Mafi yawan manyan kamfanonin jima na Najeriya a waɗannan unguwanni uku suke, kuma jimar zamani ba da bagaruwa ake yin ta ba irin ta mutanen Majema, da gishirin kuromiyam ake yi. Ga masaƙu da rininsu, ga masu roba, ga masu narka ƙarfe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin waɗannan magudanai da rani ya ga launin ruwan, hancinsa kuma ya ba shi sauran labari.

A bakin wannan ruwa aka yi shekara da shekaru ana noman rani: salak, alayyahu, kabeji, karas, albasa mai lawashi. Manoman ba don rashin sani suke yi ba. Ruwa ne da ba ya ƙafewa, kyauta ne, kuma yana ɗauke da taki a cikinsa, shi ya sa ganyen yake fitowa kore shar. A shekarar 2003 Tony Binns da Roy Maconachie da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero sun wallafa bincike a kan ruwa da ƙasa da lafiya a lambunan Kano, suka nuna gurɓacewar ruwan da ake shayar da shuka da shi. Bayansu masana da dama, a Bayero da wasu jami'o'i, sun auna ruwan, da ƙasar, da ganyen kansa, ana ta cin karo da sunaye iri ɗaya: dalma, kuromiyam, kadmiyam.

A nan hujjar masu goyon bayan lambun gida ta fi ƙarfi, kuma a ganina ta fi ƙarfi a Kano fiye da a garuruwa da yawa. Haɗarin ruwan kwatami iri biyu ne. Akwai ƙwayoyin cuta, masu kawo taifot da amai da gudawa da tsutsar ciki. Waɗannan wanki mai kyau yana rage su, dahuwa tana kashe su, amma salak da kabeji da kokwamba ɗanyu muke cin su, musamman da azumi, lokacin da kusan kowane gida ke yanka salak da shan ruwa. Sannan akwai ƙarafan nan masu guba. Abin da ya shige jikin ganye ta saiwa ba ya fita da gishiri ko ruwan tsami, ba ya fita da tafasa. Ba ya kuma kwantar da mutum washegari balle a gane. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda a hankali, dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa. Ganye irin su alayyahu da salak sun fi tumatir da tattasai zuƙar kadmiyam. Wato abin da ya fi sauƙin shukawa a gida shi ne kuma abin da ya fi haɗarin saye ido rufe.

Ya kamata a yi wa kasuwa adalci. Galibin kayan miyan da ake saukewa a 'Yankaba daga Kadawa da Kura da Bunkure suke zuwa, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga, kabeji da karas da yawa kuma daga Jos. Matsalar ita ce ɗaurin alayyahu ba ya zuwa da takardar haihuwa. Da ya bar hannun manomi ya shiga na dillali, ya shiga na mai tebur a bakin layi, shi ke nan. Ka tambayi mai kayan miya, “Malam, wannan na ina ne?” zai ce maka na Kadawa ne, kuma mai yiwuwa shi ma haka aka gaya masa. Haka batun feshi yake. Akwai kwanakin da aka ƙayyade tsakanin fesa maganin ƙwari da tsinke, a rubuce suke a jikin kwalba, amma manomin da tsutsa ta sa a gaba, kasuwa kuma ta yi kyau, ba kullum yake jira ba. Wanda yake ganin zancen ragowar magani a abinci tsoratarwa ce kawai, ya tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin nan da muke kira fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Mai lambun gida ya san abin da ya zuba wa shukarsa da ranar da ya zuba.

To amma fa ya san abin da ke cikin ƙasar da ya shuka? Wannan ce tambayar da masu ja da batun suke jefowa, kuma ba ta da sauƙin amsa. Unguwanni da yawa da ke gefen Bompai da Sharaɗa awon igiya ne. An yi gidaje a kan tsofaffin kududdufai da aka cike da bola, da filayen da aka daɗe ana zubar da sharar masana'antu. Rijiyar gida ba ta da zurfi, tana maƙwabtaka da masai, wani wurin kuma da magudanar da ke fitowa daga kamfani. Gidajen bakin manyan tituna irin titin Haɗeja sun sha hayaƙin fetur mai dalma na shekaru masu yawa kafin a daina sayar da shi, kuma dalma ba ta ruɓewa, tana nan a ƙasa. Ga garejin masu cajin batir a cikin unguwa. Mutum ya guji alayyahun Getsi, ya dawo gida ya haƙa ƙasar da ba a taɓa aunawa ba, ya shayar da ruwan rijiyar da shi kansa ba ya sha: an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, tushensa daban ne, niƙan dutsen zinariya ne a cikin gidaje. Amma ya koya mana cewa guba na iya zama a ƙurar tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki, ba tare da kowa ya gan ta ba.

Har takin ma ya sauya. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin noman karkarar Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa birni da itace su koma da taki, abin da ya sa gonakin kewayen Kano suka jure noma kowace shekara ba hutu. Takin wancan zamani toka ne da kashin awaki da ɓawon abinci. Jujin yau akwai batir a ciki, da leda, da gwangwanin fenti, da fasassun ƙwayayen lantarki. Wanda ya aiki almajiri ya cika masa buhu da baƙar ƙasar bola yana murna ya samu taki, ya ɗebo abin da bai sani ba.

Wannan hujja gaskiya ce, sai dai ba ta rushe lambun gida ba, sharaɗi ta gindaya masa. Noman buhu, wanda ya yaɗu sosai a 'yan shekarun nan, kusan an yi shi ne don irin wannan wuri. Ba a taɓa ƙasar gidan. A samo jigawa daga bayan gari, daga wurin da ba a taɓa yin masana'anta ko juji ba, a cakuɗa da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na kaji, a zuba a buhu ko tsohon bokiti, a ɗora a kan bulo. Buhun abinci ake so, ba wanda aka ɗauko daga ƙofar kamfani ba. Da wannan an kauce wa rabin matsalar.

Rabin da ya rage shi ne ruwa, kuma a nan ne nake ganin masu yabon lambu suke saurin wucewa. Damina a Kano wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara sai da ban ruwa. Da bazara, a watannin Maris da Afrilu, kowace murabba'in mita ta ganye tana buƙatar kimanin lita 6 zuwa 8 a rana. Ɗan fili mai mita biyu a mita biyar zai sha jarka uku kullum. A unguwar da famfo ya zama tarihi, mai garuwa ne ke kawo jarkar nan, kuma kuɗinta na iya sayen alayyahun da ya fi wanda filin zai bayar. Matar da za ta ce maka, “Yaya, ruwan da za mu sha ma saye muke, sai na shayar da ganye?” ba ƙyuya ce ta sa ta faɗa ba, lissafi ta yi. Amsar da ake bayarwa ita ce a tara ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya, kuma amsa ce mai kyau. Gida mai mutum takwas yana zubar da ruwan alwala mai yawa sau biyar a yini, ruwa ne kuma mai tsafta in aka kwatanta da na kwata. Zai riƙe buhu biyar ko shida. Ba zai riƙe lambu ba. Ruwan wanki mai omo kuwa gishirinsa yana kashe ƙasa a hankali. Kuma duk ruwan da aka ajiye a buɗe ya kwana bakwai, sauro aka yi wa gida. Lambun da ya kawo zazzaɓin cizon sauro ya ci ribar da aka samu har da uwar kuɗi.

Saboda haka ƙaramin abu ne zai yiwu ga yawancin mutane. Shin ƙaramin abu yana da wani tasiri ga lafiya? Masu ja sukan kawo lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana. A gida mai manya takwas, ya haura kilo uku kullum. Babu buhu shida da zai ba da wannan. Kuma yunwar talaka ta masara ce da shinkafa da wake da mai, abubuwan da ba a nomawa a bokiti. Duk gaskiya ne.

Sai dai lissafin ya manta da wata yunwar da ba ta cikar ciki ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya suna da ƙarancin jini, haka kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa, kuma fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Yaro na iya ƙoshi da tuwo kullum kuma jikinsa ya rasa bitamin A. Kakanninmu sun san dundumi tun kafin a san sunan abin da ke kawo shi. Idan kuɗin cefane suka gaza, ganye ne ake fara yankewa, miya ta koma ruwa da magi da ɗan manja. A irin wannan gida, hannu guda na zogale ko rama ko yakuwa da ke shiga tukunya kowace rana, ba sai an nemi kuɗi a wurin maigida ba, ba ƙaramin abu ba ne. A Bangaladash, ƙungiyar Helen Keller ta yi shekaru tun wajen 1990 tana koya wa mata lambun gida, kuma an ga yaran gidajen da ke da lambu sun fi cin ganye, dundumi ma ya fi ƙaranci a cikinsu. Mu kuwa ba ma buƙatar a koya mana yadda za a ci. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da tumatir haɗi ne da likitan abinci ba zai gyara ba: jiki ba ya ɗaukar bitamin A na ganye sosai sai da maiƙo, ɗan tsamin tumatir ko lemo kuma yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini da ke cikin ganyen. Abin da kawai zan ƙara, tunda an zo wurin: zogale abinci ne, ba maganin ciwon suga ko hawan jini ba ne, ko me mai lasifika zai ce a tasha. Mai shan maganin asibiti kada ya ajiye don ya dasa bishiya.

Zogale ɗin ne ma ya fi dacewa da halin da muke ciki. Yana kamawa daga reshe, yana jure ƙishirwa, ba ya cin wuri, ana sare shi ya sake tohowa. Gidajen cikin birni na da, kafin siminti ya rufe kowane tsakar gida, ba a rasa zogale ko gwanda ko lemon tsami a gefen rijiya, kabewa kuma tana hawa danga. Tumatir kuwa ban ga dalilin da mai buhu shida zai wahalar da kansa a kai ba. Yana shan ruwa, ba ya son zafin bazara, kuma tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon, wadda ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016 har kwando ya gagari mutane, ba ta bambanta gonar Kadawa da bokitin Kawaji. Ranar da mai lambun gida ya fara sayen maganin feshi yana fesawa kusa da randa da yara, babbar hujjarsa ta faɗi.

Batun motsa jiki da kwanciyar hankali shi ne aka fi yayatawa, shi ne kuma ya fi ƙarancin awo. Akwai gwaji guda mai kyau da Jill Litt ta Jami'ar Kolorado ta jagoranta a birnin Denba na Amurka, aka wallafa a 2023. An ɗauki mutum 291 da ba sa lambu, aka ba rabinsu fili da iri ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka yi lambun sun ƙara motsa jiki da kimanin minti 42 a mako, sun ɗan ƙara cin abinci mai harza, damuwarsu kuma ta ragu. Riba ce ta gaske, amma 'yar kaɗan, kuma a wurin mutanen Amurka aka same ta. Leburan da ya yini yana dakon fata a Challawa ba motsa jiki yake nema ba. Matar da ta yi shara da wanki da girki da raino, in aka ce ta ƙara da ban ruwa, aiki aka ƙara mata, don a mafi yawan gidaje a kanta nauyin zai faɗa ko da maigida ne ya kawo shawarar. Waɗanda nake ganin za su fi cin moriyar wannan ɓangare su ne tsofaffi: dattijon da ya yi ritaya daga masaƙar da aka rufe, ɗan ƙauye ne tun asali, hannunsa yana ƙaiƙayin fartanya, da gwaggon da ciwon suga ya kama, likita ya ce ta riƙa motsawa, ita kuma ba mai fita yawo a titi ba ce. Su a ba su buhunansu, a kuma ɗaure awaki.

Akwai hujja guda ta masu ja da ban iya ture ta ba, ba kuma na son turewa. Duk lokacin da hukuma ta ce kowa ya shuka a gidansa, tana mayar da nauyin da ke wuyanta kan ɗaiɗaikun mutane. Ana yawan ba da misali da Kuba, inda lambunan birnin Habana suka ciyar da jama'a bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991. Amma a can gwamnati ce ta raba filaye, ta tura malaman gona, ta buɗe shagunan iri, kuma inda ƙasar birni ba ta da kyau aka gina akwatunan shuka aka cika su da wata ƙasar. Ba gasa aka sa aka koma gefe ba. A Kano, mai gida a Nassarawa GRA da rijiyar burtsatse da mai ba fulawa ruwa zai iya cin salak ɗinsa hankali kwance. Mai haya a Gama zai ci gaba da sayen ɗaurin da ya fi araha, wanda sau da yawa shi ne wanda bai yi doguwar tafiya ba, wato na bakin rafi. Idan masu hali duk suka janye zuwa lambunan gidajensu, wa ya rage da muryar da zai tambayi hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, da ma'aikatar muhalli ta jiha me ya hana kowane kamfani tace ruwansa kafin ya sake shi, alhali doka ta wajabta? Manoman bakin Jakara da Getsi ma talakawa ne masu ciyar da iyali da wannan sana'a, su ne kuma ke tsoma ƙafa da hannu a ruwan kullum. A ƙaurace wa kayansu ba tare da an gyara ruwan ba, an hukunta wanda ba shi ya zuba gubar ba.

Matsayina dai shi ne a shuka, amma a san abin da ake shukawa da dalilinsa. Ganyen da ake ci ɗanye da wanda ke shiga miya kullum, a buhu, da ƙasar da aka san inda ta fito, da ruwan da mutum zai iya wanke bakinsa da shi. Tumatir da albasa da tattasai a bar wa Kadawa. Wanda ke zaune kusa da magudanar Bompai ko Salanta, rijiyarsa kuma tana wari ko tana sauya launi, kada ya shayar da ganye da ita. Ruwa ba ya tsami banza. Auna ruwan rijiya da ƙasa abu ne da ɗakunan gwaje-gwajen Jami'ar Bayero ke iya yi, ɗalibai suna yin sa kowace shekara don kundin kammala karatu, sakamakon kuma yana ƙarewa a kan kanta. Mai unguwa ɗaya a Dakata ko Sharaɗa da zai haɗa kai da sashen kimiyya ɗaya, a auna rijiyoyin layi goma, a manna sakamakon a ƙofar masallaci da Hausa, zai gaya wa mutanensa wane gida ne zai iya shuka da ruwan rijiyarsa, wane ne kuma zai tsaya a kan ruwan alwala.